Turaren Zubaidatu

A duk unguwar Nuzla ta Jidda babu amaryar da ake kaiwa ba da turaren wutar Zubaidatu ba. Sana'ar kakarta ce tun daga Sudan: itacen sandal, sukari, miski, a haɗa a tukunya, sannan a ɗana kaɗan a garwashi a ji ko ya yi. Ɗaki ɗaya gare ta, tagarsa na kallon bangon maƙwabta. A nan take gwajin, a nan 'yarta Latifatu take kwana.

Da safe kuma aikatau take zuwa arewacin Jidda, gidan Hajiya Arwa, wadda 'yarta Ruba ke da asma. Tun ranar farko Hajiya ta kafa mata doka: ko ƙamshin turare kada ya shigo gidan. Zubaidatu kuwa ta riƙe amana har ta wuce gona da iri. Kullum sai ta yi wanka biyu, abayar aikinta a leda take, a ɗaure. Ita ke wanke na'urar tace iska, ita ke tuna wa Ruba abin shaƙarta. Shekara huɗu yarinyar ba ta kwanta asibiti ba.

Tarin Latifatu kuwa, mura ce. Haka uwar take cewa, ta ba ta zuma.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar, tana gwajin turaren biki na uku, ta waiwaya ta ga Latifatu a durƙushe, ƙirjinta na fito, leɓɓanta sun canza. Zubaidatu ta san wannan ƙarar sarai. Ta sure ta sai ƙaramin asibitin unguwa, ko takalmi babu.

Da numfashin ya dawo, likita ya sunkuyo, ya shinshina gashin yarinyar.

"Ya hajja, ana bakhur, wato turaren wuta, a ɗakin da take kwana?"

"Ana yi, dakta," ta ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Haram alaiki! Ba wanda ya taɓa gaya miki hayaƙi na tayar da asma?"

Kunya ta rufe Zubaidatu. Sai Latifatu ta janye robar iskar da ke hancinta, ta kamo gefen mayafin uwar.

"Kada ka yi wa Mama faɗa, dakta. Wallahi ba ta sani ba."

Zubaidatu ta juya fuskarta bango, hawaye na zuba. Abayar aikin gobe tana can gida, a ɗaure cikin leda.