Sunan da Ke Cikin Bakin Indararo

Ba su kai rabin hanya tsakanin Torun da Gdansk ba, Pan Darakta ya sake taɓa kafaɗar Danuta da kan sandarsa, wai a ba shi makirufo. Ta juyo da murmushin aiki, wanda ta shekara ashirin da biyu tana liƙa wa fuskarta kowace safiya, ta miƙa masa. Karo na tara ke nan cikin kwana uku.

Mutum arba'in da biyu ta ɗauko daga Lublin, duk 'yan fansho, za ta zagaya da su tsofaffin birane. Motar ta gauraye da warin dafaffen ƙwai da kokwamba mai tsami, kowa da fulas ɗin shayi a cinya. Sunan Pan Daraktan nan Ludwik Kordas. Ma'aikatar gyaran tsofaffin gine-ginen da ya shugabanta ta rushe shekara talatin da suka wuce, amma har yau in ba ka ce Pan Darakta ba, wato Malam Darakta a yarensu, ba zai waiwayo ba.

Ya gyara murya ya ɗora daga inda ya tsaya. A Warsaw cewa yake yi "mu muka tayar da ƙasar nan daga toka". A Torun abin ya koma "ni da yarana". Yau kuwa yaran ma sun ɓace, saura "ni". Ya ce in sun isa Gdansk zai kai su wani lungu bayan babbar majami'a, su ga barandar dutse da ya sassaƙa da hannuwansa. Har da ɗaga hannuwan, wai a gani. Kai, wasu luɓus-luɓus kamar kwaɓin burodi! Danuta ta san hannun masassaƙin dutse, a cikinsa ta girma: farce baƙi, fata a tsattsage, yatsa ɗaya a karkace.

Mahaifinta, Feliks Sobol, shi ya sassaƙa barandar nan, shekara biyu cur yana kanta. Da sojoji suka kafa dokar ta-ɓaci aka bi sunayen waɗanda suka shiga yajin aiki, Kordas ne ya sa hannu a takardar korarsa. Danuta na da shekara goma sha takwas ta raka mahaifiyarta ofishinsa roƙo. Ya miƙe tsaye, ya sunkuya ya sumbaci hannun uwar kamar mutumin kirki, ya ce ba abin da zai iya. Bayan wata uku aka kafa allon tagulla a jikin barandar da sunan Kordas a kai. Feliks ya ƙare a ɗakin ƙasa na wani dogon bene yana zuba gawayi a tukunyar ɗumama gidaje, ya mutu da tari yana da hamsin da ɗaya. Bai sake taka lungun nan ba, ita ma haka. Duk ayarin da ta kawo Gdansk, ta wata hanya take bi da su.

Ranar da za su taso ta ga sunan a takarda, ta ce a ranta ƙila wani ne. Sai ga shi a ƙofar mota ya kama hannunta ya sumbata, da irin sunkuyon nan dai. Bai gane ta ba, don sunan mijinta take amfani da shi, Danuta Maj. Ta shiga bayan mota ta goge hannun da rigarta har fatar ta yi ja. Ta tsane shi, tsanar da ta ɗauka ta tsufa tare da ita, ashe da ƙuruciyarta take.

Da suka tsaya gidan mai, tsofaffi suka yi tururuwa zuwa bayi, ta faɗa wa Mirek direba komai. Mirek ya shekara goma yana jan ta, ya san fuskarta in ta ɓaci. Ya ce ta rabu da tsoho, ƙafarsa ɗaya tana kabari, kuma ta san kamfani ba ya wasa da takardar ƙorafi. Da ya ga ba ta da niyyar rabuwa, sai ya ce to in tana so zai iya mantawa da shi a nan, ya tuna bayan kilomita tamanin.

"Ya yi kaɗan," ta ce.

Abin da ya hana ta sakat shi ne littafi. Pan Darakta ya rubuta tarihin rayuwarsa, za a buga ɗari uku, a raba wa jikoki da ɗakunan karatu. Hoton bangon littafin kawai ya rage, kuma yau Pan Zenon, wani tsohon ma'aikacin gidan waya da ba ya rabuwa da kyamara, zai ɗauke shi a jikin barandar. Danuta ta san in abu ya shiga littafi ya zauna ke nan. Wasiƙu huɗu ta rubuta wa hukuma a kan allon nan, ba a amsa ko ɗaya ba. In ta yi shiru yau, an binne Feliks karo na biyu, kuma ita ta riƙe musu lema.

Sun isa da hantsi, ruwa ya ɗauke bai daɗe ba. Ta raba musu abin sauraro suka saƙala a kunne, ta ɗaga jar lemarta suka biyo ta. Ta bi da su babban titi, ta faɗi shekaru da sunayen sarakuna da gudu-gudu, har Pani Halina, wato Malama Halina, wata tsohuwar tela mai baki kamar reza, ta tambaya ko gobara ake yi a gaba. Daga nan Danuta ta karya kwana ta shiga lungun.

Barandar na nan yadda ta bar ta. Matakala biyar, bango mai furanni da jiragen ruwa, sai dogon indararo na dutse da ya sauko ya ƙare da kan wani dodon kifi, baki a hangame, daidai gwiwar mutum. Ruwan da aka yi yana ɗiga daga bakin. Allon tagulla kuwa har wani ya goge shi yana ƙyalli.

Pan Darakta ya miƙa wa matarsa hula, ya taje 'yan gashin da suka rage, ya dafa allon. Pan Zenon ya ja da baya yana saita kyamara. Danuta ta bari sai da aka ɗauki uku, sannan ta yi magana cikin muryarta mafi zaƙi. Ta ce yau sun yi sa'a, ga mai aikin da kansa. Ta ce kowa ya san masassaƙan dutse ba sa barin aiki sai sun sa alamarsu a wani ɓoyayyen wuri, inda su kaɗai suka sani.

"Pan Darakta, a nuna mana taka mana."

Ya yi dariya ya ce ai ga allo. Ta ce allo na maƙerin tagulla ne, ita ta cikin dutse take tambaya. Ya ɗan yi tari, ya ce a zamaninsu ba a yin wannan, aiki na al'umma ne, ba na mutum ɗaya ba. Pani Halina ta ce to in na al'umma ne, ya aka yi al'ummar duka sunanta Kordas? Aka yi dariya, shi ma ya taya su, amma kunnuwansa sun yi ja.

Danuta ta ajiye lema ta durƙusa a kan jiƙaƙƙen dutse. A nan ne tsoro ya kama ta. Tana da shekara goma sha ɗaya mahaifinta ya kama hannunta ya tura a bakin kifin nan, ya ce kada ta faɗa wa kowa. Shekara arba'in da wani abu ruwa na bi ta wurin. In ya cinye alamar fa? Ta naɗe hannun riga ta zura hannu har gwiwa. Sanyi, gansakuka, santsi. Ta juya tafin sama ta laluba dasashin kifin, can ciki inda ruwa ba ya taɓawa. Yatsunta suka faɗa cikin rami na farko, sai na biyu. Haruffan suna nan, da kaifinsu. Sai da ta cije leɓe don kada ta yi kuka a gaban mutumin nan.

Ta miƙe ta ce Pani Halina ta zo ta taɓa, tunda yatsun tela ba sa ƙarya. Halina ta durƙusa tana mita a kan gwiwoyinta, ta zura hannu ta laluba. Sai ta fara karantowa harafi-harafi, ta haɗa: F. Sobol. Ta ɗago ta tambaya wane ne kuma Sobol.

"Mahaifina ne," in ji Danuta.

Ba ta ja zance ba. Ta faɗi shekara biyun da ya yi a kan dutsen, da takardar kora, da wanda ya sa hannu, da ɗakin gawayi. Muryarta tana shiga kunne arba'in da biyu a lokaci ɗaya, har da na Kordas, sai da ya fizge abin sauraron ya jefar. Ya ce ƙazafi ne. Ya ce lebura sara kawai yake yi, tunani na shugaba ne. Ya ce yau ɗin nan zai rubuta wa kamfaninsu, ta gama aikin jagora a ƙasar nan. Danuta ta ce ya rubuta, Pan Kordas, kuma ya haɗa da sunan mahaifinta, Sobol, don kada a yi kuskure.

Ba ta ce kowa ya taɓa ba, wallahi ba ta ce ba. Pan Zenon ne ya rataye kyamara ya tsaya bayan Halina, wata ta tsaya bayansa, kafin ka ce me layi ya miƙe. Mutanen da suka yi ƙuruciyarsu a layin nama da layin sukari, zamanin ƙarancin kaya, ba sai an koya musu ba. Kowa ya durƙusa, ya laluba, ya faɗi sunan da ƙarfi don na baya su ji, ya tashi yana goge hannu. Wani ayari daga Katowice ya shigo lungun, suka ga layi, wani mai ƙaton tumbi ya tambaya wa ne na ƙarshe, ya shiga, sannan ya tambaya me ake bayarwa. Jagoransu ya matso ya tambayi Danuta sunan, ya rubuta a littafinsa. Masu sayar da sarƙoƙi suka bar teburansu suna leƙe. Sobol, Sobol, Sobol. Danuta na tsaye tana ji, daɗi na ratsa ta har tafin ƙafa, kuma ba ta ji kunyar daɗin ba ko kaɗan.

Kordas ya juya zai ce wa matarsa su tafi, sai ya tarar da jakarta a hannunsa, ita ba ta nan. Matar tasa, Pani Irena, 'yar siririyar tsohuwa da ba a ji muryarta ba tun Lublin, tana cikin layi, mutum uku ne a gabanta. Ya kira ta, ba ta waiwayo ba. Da aka zo kanta ta durƙusa a hankali, ta daɗe hannunta na ciki, har na baya suka fara gunaguni. Ta tashi ta fuskanci Danuta.

"Feliks Sobol," ta ce. "Ni ce sakatariya a lokacin. Ni na buga takardar korarsa, na kai aka sa hannu. Na san wanda ya yi dutsen nan tun ranar."

Danuta ta sunkuya ta ɗauki lemarta. Pani Irena ta juya wajen mijinta, ta karɓi jakarta.

"Ludwik, na riƙe maka wuri. Bayana kake."

Ya dubi hagu, ya dubi dama. Lungun siriri ne, mutane sun toshe shi gaba da baya. Mai tumbin nan na Katowice, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, ya ɗaga murya daga baya ya ce Pan ya yi abin da zai yi ya ba mutane wuri, su ma motarsu na jira. Wasu suka ce gaskiya ne, ba a riƙe layi.

Sai Kordas ya jingine sandarsa. Ya dafa bangon furannin, ya fara sauka, gwiwa ɗaya tukuna, sannan ɗayar, wandonsa mai guga ya sha ruwan ƙasa. Ba wanda ya kama shi. Ya zura farin hannun nan cikin bakin kifin, ya laluba, Danuta ta ga lokacin da yatsunsa suka samu, don kafaɗunsa sun sauka. Leɓunansa suka motsa, wani abu ya fito ƙasa-ƙasa, iyakar na kusa.

Danuta ta dubi tsohon a durƙushe gaban aikin mahaifinta, ta laluba zuciyarta ko akwai tausayi. Ba ta samu ba.

"Na bayan layi ba su ji ba," ta ce. "A sake faɗa."