Littattafan Zauren Malam Hayatu

"Ku sauke a hankali, gindin kwalin ga ya jiƙe," in ji Malam Hayatu, yana tsaye bakin zaure, masu amalanke na ta jido kaya.

Maƙwabcinmu ne a Gummi, katanga ɗaya ta raba mu. Tun kafin a kawo ni unguwar shi ke kula da laburaren wata sakandare a garin. Da aka kawo kwamfutoci da sola, sai aka ce a kwashe tsofaffin littattafai a ba na'urori wuri. Ya nemi izinin shugaban makaranta, ya kwaso su gida.

Da na shiga gaida matarsa Hawwa'u, na iske shi, na ce, "Baba Malam, ba ka ji haushi ba?"

"Haushin mi? Abin da kwamfuta guda ta ɗauka, jaki goma ba su ɗaukar shi. Ni ma koyo nikai. Amma waɗanga ba su son caji."

Shekarar da aka rufe makarantu aka katse layukan waya saboda rashin tsaro, 'yata Amira na ajin ƙarshe. Duk karatunta ta waya take samun shi. Ta zauna tsakar gida tana kuka, har ya jiyo ta.

"Innar Amira," ya kira ni ta kan katanga, "turo min ɗiyar nan."

Kafin wata ya ƙare gidansa ya cika da 'yan makaranta. Maza a zaure, mata a tsakar gida wajen Hawwa'u, kowa da littafi a cinya. Amira ta ci jarabawa, ta tafi kwalejin ilimi, ta dawo aka ba ta laburaren da ya bari.

Lokacin idanunsa sun mutu, ciwo kuma ya kwantar da shi. Kullum ta taso aiki sai ta biya ta karanta masa labarai daga wayarta. Wata la'asar ina wajen ta ce, "Baba, an yarda in maida kantocin littattafai biyu kusa da kwamfutocin."

Ya juya fuska inda muryarta take. Sannan ya ce, "Ki sa su ƙasa-ƙasa, inda hannun ƙanana ka kai."

Washegari da hantsi Allah ya karɓi abinsa.

Muna zaman makoki sai ga yara suna shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya durƙusa ya ajiye littafin da ya ara a gefen tabarmar Hawwa'u. Ta share ido da bakin mayafi.

"Kun gama karantawa?"

Suka girgiza kai.

"To ku ɗauka. Sai kun gama."

Wata 'yar ƙarama ba ta ma kai gida ba. Ta zauna gindin darbejiyar ƙofar gida, ta buɗe nata, tana bin layi da ɗan yatsa, masu ta'aziyya na ratsa ta suna wucewa.