Kar Inna Ta Gani

Tsahara tana roron wake a gonarsu ta bayan Dogarawa sai wani saƙo ya shigo salularta. Lambar Ɗalha ce, ƙanenta da ya tafi haƙar zinari can arewa, wanda rabon da a ji muryarsa tun kafin damina. Babu ko gaisuwa. Fayil ne guda, irin wanda ake matse abubuwa da yawa a ciki, an sa masa suna kar_Inna_ta_gani.zip.

Ta danna, ya ƙi buɗuwa. Ta kira lambar, a kashe.

"Wane ne?" in ji Inna daga ɗaya kunyar.

"Kamfanin waya ne, Inna."

Ta ajiye ƙwaryar waken. Bara aka aiko wa wasu mutanen Bazaga hoton ɗansu da rami ya rufta da shi, sai ta rigarsa suka gane shi. Ko wani ne ya zaro salular daga aljihun gawa? To ya aka yi ya san Inna? Ta hango Ɗalha ɗaure a jeji, bakin bindiga a ƙeyarsa, ana tilasta masa magana.

Ta ce za ta sayo magani, ta hau taksin Ƙonni. Duk hanya salular na cikin tafinta.

Alkasum mai gyaran waya ya jona ta da ordinatar, wato kwamfuta.

"Hotuna ne, da murya."

"Malam, ka fara dubawa. In gawa ce kada ka nuna mini."

Ta juya baya tana kallon titi. Ya buɗe fayil ɗin, ya duba.

"Shina da rai, Yaya. Amma ki zamna."

Ɗalha ne a gadon likita, ya rame, hannunsa na dama ya ƙare a gwiwar hannu, naɗe da bandeji. Muryarsa ta fito a dushe. Ya ce injin niƙa dutse ne ya cinye hannun. Shi ya roƙi wani ma'aikacin jinya ya ƙulle hotunan haka, kada su buɗe a gaban tsohuwa. Ya ce yana tafe gida, Tsahara ta fara shirya zuciyar Inna.

Da la'asar ta iske Inna tana tankaɗe a tsakar gida.

"Inna, Ɗalha na tahe."

Inna ta ajiye rariyar. "Lahiya dai?"

Tsahara ta jawo tabarma, ta zauna dab da ita.