Akwatin da Ke Kan Tsohon Tafki

Girgizar ƙasar ranar Talata ƙarama ce, ko kofin shayi ba ta zubar ba. Tashoshinmu bakwai ne masu auna motsin ƙasa. Shida sun zana ɗan karce, ta bakwai kuwa, wadda ni na kafa da hannuna, ta zabga layi har ninki huɗu, sai ka ce duniya ce ta tashi.

Shugabanmu ya juyo mini da fuskar kwamfuta. "Injiniya, a karkace kika dasa na'urar nan. Zuwa Juma'a ki gyara, in ba haka ba ki dawo ofis ki riƙa jera takardu."

Shekara uku na yi ina roƙon aikin fili. Raina ya ɓaci, amma na haɗiye na ce, "To, yallaɓai."

Laraba na wuni a tsugune cikin ɗakin simintin da na'urar take. Na duba wayoyi, na auna daidaiton gindinta, na canja batir. Lafiyarta ƙalau, kuma wannan ne ya fi tsorata ni, don ban san me zan gyara ba. Da yunwa ta ci ni na biya gidan gwaggona, tunda kusa ne.

"Wai a ina kika ajiye akwatin naki?" in ji ta.

"Bayan filin ƙwallo, Gwaggo."

Ta ƙyalƙyale da dariya. "Ke da bokonki! Ai tafki ne nan. A nan muke wanki muna 'yan mata, daga baya aka cike shi da yashi da shara. Ko babbar mota ce ta wuce, sai kin ji ƙasar na rawa a ƙafarki."

Cokali ya tsaya a hannuna. Na karanta wannan a makaranta: dutse yakan wuce da girgiza yadda ta zo, laka mai taushi kuwa takan rage mata gudu ta ƙara mata ƙarfi, kamar ruwa a faranti in an ɗan taɓa tebur. Sai dai taswirarmu ba ta nuna wani tafki ba.

Da yamma na ari na'urori biyu na tafi-da-gidanka. Na ajiye ɗaya a gefen tawa, ɗaya a kan falalen dutse can bayan gidaje. Sauran aiki jira. Ban taɓa zaton zan yi fatan ƙasa ta motsa ba, amma na yi, Allah ya yafe mini.

Alhamis da azahar 'yar ƙaramar girgiza ta biyo baya. Ta kan dutse da ƙyar ta yi karce. Tawa kuwa da ta aron da ke gefenta suka yi tsalle tare, layi ɗaya sak. Na zauna daɓas a ƙasa ina dariya ni kaɗai.

Shugaba ya daɗe yana kallon zanen. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Ashe na'urarki gaskiya take faɗa. Ki ci gaba da aikin filinki." Ya ɗan yi gyaran murya. "Wane masanin ƙasa kika tuntuɓa? Sai mun sa shi a rahoto."

"Gwaggona ce, yallaɓai. Ta ce in gaya maka akwai wasu tafkunan guda biyu, in kana da lokaci."

Ya jawo takarda da biro.