Don Plinio Ya Je Birni Zagin Alƙali

Doña Casilda na durƙushe tana fama da takalmin Don Plinio, ƙafa ta kumbura ta ƙi shiga, shi kuwa yana kan kujerarsa mai lilo yana ba da umarni kamar shi ne lafiyayyen.

"Ki tura da ƙarfi, maƙwabciya. Ba zan shiga babban birni da silifa ba."

"Da silifa za ka shiga, kuma birnin ba zai rushe ba," in ji ta, ta wurga takalmin ƙarƙashin gado.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu a wannan ɗan gari na masu saran rake, kuma tun da matarsa Eufemia ta rasu, Casilda ce ke miƙo masa shinkafa da wake ta saman katangar. Ita ta raka shi asibiti, ita ta ji abin da likita ya faɗa a kan zuciyarsa, shi kuwa tsohon ya yi kunnen uwar shegu. Suna dawowa gida ya ce mata Santo Domingo, babban birnin, za shi, kallon besbol, wasan ƙwallon da ake bugawa da sanda. Wai akwai alƙalin wasan da ya daɗe yana son zagi ido da ido, ba zai mutu da zagin a cikinsa ba.

Alƙalin nan kuwa ɗansa ne tilo, Radhamés, kuma kowa a layin ya san labarin. Shekarun baya, a wasan ƙarshe na gasa, ɗan wasan ƙungiyar da Don Plinio ke mutuwar so ya sheƙo da gudu ya zame zuwa gida, wato farin farantin nan da in ka taɓa shi ka ci, sai Radhamés ya ɗaga hannu ya ce ƙwallo ta riga shi. Kofin gasar ya tafi. A rediyo tsohon ya ji, ko ƙurar filin bai gani ba, amma ya rantse yaron ya taɓa. Tun ranar ya ɗauke wa ɗansa gaisuwa. In Radhamés ya zo Kirsimeti, uban ya koma can baya wurin kajinsa, har ɗan ya gaji ya daina zuwa. Casilda ta sha ce masa wannan hauka ne, ko da yake ita ma a ranar sai da ta yi jifa da murfin tukunya.

Wannan karon ba ta yi masa gardama ba. Ta san in tafiyar nan ta shiririce, uba da ɗa ba za su ƙara haɗa ido ba, kuma abin ya tsaya mata a rai ƙwarai.

Ta kira ƙanwar mijinta Mireya, mai aiki a wani kantin magani a birni, ta kafa mata ƙahon zuƙa. Wasan Lahadi da rana take so, kuma sai ranar da Radhamés zai tsaya a bayan mai bugu, tunda alƙalai juyawa suke yi. Mireya ta lallaɓa ta ji ranar daga bakin matar Radhamés, ta sa matar ta rantse ba za ta faɗa masa ba. Da Mireya ta kawo maganar kujerun can sama, inda iska ke kaɗawa, Casilda ta ce sam. Kujerun da ke jikin raga take so, daf da bayan alƙali, don muryar tsohon yanzu ko kaza ba ta kora.

Ta tare direban motar safe ta sa ya ajiye musu gaba. Ta cika filas da kofi, ta soya agada, ta ƙulle magunguna a hankici. Matan layi suka taru suna cewa tsohon nan a hanya zai cika. Ta ce to, in ya cika a hanya ai yana fuskantar ɗansa ne, su matsa ta wuce.

Bai cika a hanya ba. Da silifarsa da farar riga da malfa ya shiga filin, yana dafe da kafaɗarta, ganguna da ƙahoni na tashi ta ko'ina. Alƙalai suka fito cikin baƙaƙen kaya. Don Plinio ya daɗe yana kallon na tsakiyarsu kafin ya ce yaron ya yi furfura. Wasa ya yi nisa, dubban mutane na zagin Radhamés son ransu, amma wanda ya zo takanas don zagin ko uffan.

"To ga shi nan a gabanka," ta zungure shi. "Ko wahalar banza ka ba ni?"

Can aka jefo wata ƙwallo ƙasa-ƙasa, Radhamés ya ce ta yi daidai, aka yi ihu aka lafa. Tsohon ya kama ragar da hannu biyu ya miƙe.

"Makaho! Ɗan Eufemia, makaho ne kai!"

Muryar ta fito a dishe, na kusa suka kwashe da dariya. Casilda ta ga kafaɗun Radhamés sun sandare, amma bai juyo ba. Alƙali ba ya waiwayen 'yan kallo, ko da kuwa sunan uwarsa aka kira. Casilda ta ce a ranta shi ke nan, ta kawo tsoho ya sha rana a banza.

Sai Radhamés ya ɗaga hannu ya tsayar da wasa. Ya zaro ɗan buroshin share faranti daga aljihu, ya zagaya ta gaban farantin, domin in alƙali zai share gida, fili yake ba baya, bai isa ya turo wa jama'a ɗuwawu ba. Ya cire kwandon ƙarfen da ke fuskarsa, ya duƙa ya fara shara, idonsa a sama yana bin raga har ya tsaya a kan malfar. Farantin nan fes yake, ko ƙwayar yashi babu. Ya yi ta sharar har mai jifa ya kama ƙugu. Don Plinio ya ɗaga malfarsa kaɗan, ya koma ya zauna yana haki.

"Shara dai ya iya," ya ce. "Uwarsa ta koya masa."

Da aka tashi, Radhamés ya same su a bakin ƙofa, gumi bai bushe masa ba. Ya sunkuyar da kai kamar yadda kowane ɗa ke yi.

"Sa min albarka, Baba."

"Allah ya yi maka albarka." Hannun tsohon ya daɗe a kan furfurar. "Amma yaron nan ya taɓa gida."

"Bai taɓa ba, Baba."

Haka suka yi ta yi har tasha, uban na rataye da hannun ɗan, Casilda na biye da su da filas tana share ido da gefen gyale.

Bai ga wata Lahadin ba. Wata safiya Casilda ta miƙa kofi ta saman katanga ta kira shi, ba a karɓa ba. Ta zagayo ta same shi a kujerarsa, rediyo na ta magana a cinyarsa, kujerar ta daina lilo.

Bayan an binne shi jama'a sun watse, Casilda ta tsaya a ƙofar maƙabarta riƙe da kwat ɗin Radhamés. Magini ya bar burbushin siminti a kan dutsen kabarin. Ta ga ya laluba aljihu ya zaro buroshin, ya zagaya ta inda zai fuskanci sunan, ya duƙa yana sharewa a hankali.