Akun Da Ba Ya Mutuwa

A masana'antar naɗe taba ta garin Pinar del Río, kujerar mai karatu tana bisa wani dakali don murya ta kai har layin ƙarshe. Shekara da shekaru Don Evaristo ne a kanta, yana karanta jarida da safe, labari da rana, ma'aikata na saurare hannuwansu na aiki. Da muryarsa ta dushe sai aka ce 'yarsa Odalys ta gwada. Hukunci kuwa na ma'aikata ne. In karatu ya yi musu, sukan buga wuƙaƙen yankan ganye a kan tebur. In suka yi shiru, kujera ta bar gidan Evaristo ke nan.

Odalys ta hau kujerar, riƙe da tsohon littafin gajerun labaran nan da duk ƙasar aka sani, wanda rabin laƙabin ma'aikatan daga cikinsa aka ciro.

"Ba mu na aku, 'yar nan," in ji Doña Fermina, tsohuwar da ke layin gaba.

"Ki ɗaga murya dai," in ji Nicanor mai sanƙo. "Ba sauro muka ɗauka aiki ba."

Ta fara a hankali, can murya ta zauna. Ta karanta yadda wani masunci ya raini akunsa, yadda suke faɗa kullum kamar miji da mata, har ranar da guguwa ta taso. Da gari ya waye, masunci ya tsinci akun a bakin teku, ya mutu. Ta rufe littafi.

Wuri ya yi tsit. Ko wuƙa ɗaya ba ta motsa ba.

"Wa ya mutu?" in ji Nicanor.

"Akun, kawu."

"Daga zuwanki! Ubanki ya yi shekaru yana kiwon tsuntsun nan, ke kin zo kin kashe shi kafin a sha kofi!"

Ta dubi littafin. Abin da aka rubuta ta karanta, ba ragi ba ƙari. Ta ɗaga kai ta hango mahaifinta a bakin ƙofa, ya cire malafa yana murza bakinta, idonsa a ƙasa. Nan ta gane. Ashe duk tsawon zamansa a kujerar bai taɓa barin akun ya mutu ba.

Ta sake buɗe littafin.

"Ku yi haƙuri, shafi biyu ne suka manne."

Ta ƙura wa farar takardar ƙarshe ido, ta ci gaba kamar mai karatu: "Sai aku ya buɗe ido ɗaya, ya kakkaɓe yashi, ya dubi masunci ya ce, kai mai sanƙo, kuka za ka tsaya yi ko ayaba za ka ba ni?"

Dariya ta ɓarke. Wuƙar Fermina ce ta fara sauka, sauran suka biyo baya, har ta Nicanor, yana bugawa yana shafa kai.

Da aka tashi shan kofi, Fermina ta miƙa mata ɗan kofinta, ta raɗa mata, "Duk mun karanta shi a makaranta, 'yar nan. A can ya mutu. Nan ba a mutuwa."

Ita da mahaifinta suka kama hanyar gida. Sai da suka kusa ƙofa ya kama hannunta, ya ce da dusasshiyar muryarsa, "Nawa akun gwaiba yake nema. Amma ayabar ma ba laifi."