Almakashin Malamin Horo

Mai aski yana da wata ɗabi'a: kafin ya sa reza a kan mutum sai ya tsaya ya ƙare wa ƙeyarsa kallo. A ganinsa kowane kai da hanyar da gashinsa yake bi, wani kamar ruwa ya gangaro, wani kamar guguwa ta juya ta tsaya cak. Shi ya sa ranar da autansa ya dawo daga makaranta da hular aro, ya ɗage hular ya gani, sai da ya nemi wuri ya zauna.

An bi tsakiyar kan yaron da almakashi, daga goshi har ƙeya, hanya karkatacciya kamar ɓera ya yi kiwo.

"Malamin horo ne, Baba," in ji Auta. "Wai sumata ta yi yawa. A gaban kowa ya yi. Yanzu Kwalta suke ce mini. Ni na bar makaranta."

Uban ya kwashe sauran sumar tas, amma sunan bai bi gashin ya faɗi ba. Aka yi lallashi, aka yi faɗa, Auta ya ƙi ɗaukar jaka. Da mai aski ya je jin ba'asi, maigadi ya ce masa iyaye ƙofa ce iyakarsu.

A shago ya ba da labari, ashe ba shi kaɗai ba ne. Tela ya ce kitson da matarsa ta wuni tana yi wa 'yarsu aka tsefe. Direban bas ya ce nasa ɗan har kunne aka yanka. Suna cikin haka matar mai aski ta kawo abinci.

"Ku maza sai baki," ta ce. "Da kanku aka yi wa, da tuni kun miƙe."

Mai aski ya dubi madubi, ya daɗe. Sannan ya miƙa wa tela almakashi, ya zauna a kujerarsa.

"Yi mini irin na Auta."

Da aka gama da shi, sauran suka shiga layi. Mai aski ya karɓi almakashinsa. Nan ya sha wuya, don hannunsa bai san karkata ba.

"Haba maigida, ɓata mana!" in ji direba. "Wannan ai askin ango kake yi mini."

Mai gyaran rediyo, da sanƙo ya riga ya gama da shi, ya rantse ba za a bar shi a baya ba. Da gawayi aka zana masa tasa hanyar.

Da safe suka tsaya a ƙofar makaranta, huluna a hannu, iyaye mata a gefensu. Maigadi ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya je ya kira shugabar makaranta. Ta fito, malamin horo na biye da ita, yara sun cika tagogi.

"Ranki ya daɗe," in ji mai aski, "ba rigima muka zo ba. Ki dube mu. In bai yi kyau a kanmu ba, ya aka yi ya dace da kan yaro?"

"Doka ce," in ji malamin horo. "Aji ya cika maƙil, yaushe zan bi gida-gida?"

"Aiko mana, Malam," in ji matar mai aski. "Mu muka haifa. Kuma in za a yi dokar, a ba mu kujera mu ji."

Shugabar ta yi ta ƙoƙarin ɗauke ido daga sanƙon mai rediyo, wanda gumi ya fara wanke wa gawayi. Ta ce almakashi daga yau yana ofishinta, ba mai taɓa yaro sai an kira iyayensa. Batun kujera kuwa sai ta tambayi na sama, amma su zo zaman malamai na gobe, ba mai korarsu.

Mai aski ya ji an taɓa gefen rigarsa. Auta ne, ashe ya biyo su daga nesa.

"Baba, ka sa hularka mana, ana kallonka."

"A kalla."

Yaron ya dubi tagogin. Sai ya ce da uwarsa, "Inna, jakata tana gida fa."

"Shiga," ta ce. "Zan kawo maka."